Faifan C ya yi ja? Kurakuran da na gaji da gyarawa a Yamai

Kwamfutocin hannu da yawa da ake saye a Yamai tsofaffi ne, masu ƙaramin faifan ajiya irin na SSD na giga 128, alhali Windows 11 kaɗai giga 64 take nema kafin ta yarda ta zauna. Da mutum ya zuba bidiyon biki da karatun malamai, sai layin faifan C, inda Windows ke zaune, ya koma ja alamar ya kusa cika, injin ya fara jan ƙafa. Kowa ya san maganin: a kwashe kaya a kai faifai na biyu, wato D. Wajen kwasar ake ɓarna, kuma ɓarna iri ɗaya ake kawo min shago kullum.

Ta farko, yanke dosiyen Programmes, inda manhajoji ke zaune, a manna a D. Don Allah ɗan'uwa kada ka yi. Ranar da aka girka manhaja ta rubuta adireshinta a rajistar Windows, wato kundin da Windows ke ajiye saitunanta, in ka ɗauke ta da hannu Windows za ta je tsohon adireshin ta tarar babu kowa. Cire ta, ka sake girkawa, in ta tambayi wurin zama ka nuna mata D. Ni kam a C nake barin manhajoji saboda SSD ya fi sauri, manyan wasanni kawai nake turawa D.

Abin da ya kamata ya tashi shi ne kayanka: Documents, Images, Vidéos, da Téléchargements, wanda ya fi kowa cin wuri. Danna dosiyen da maɓallin dama, ka shiga Propriétés, sai Emplacement, sai Déplacer. Amma fara buɗe sabon dosiye a D ka sa masa suna. In ka zaɓi D tsurarsa, faifan gaba ɗaya ya zama Documents ke nan, kuma warware wannan sai an yi gumi.

Yanzu ga wanda ke tafasa min zuciya. Mutane na ganin C da D su ɗauka faifai biyu ne. Sau da yawa faifai ɗaya ne aka raba, kamar ɗaki ɗaya da aka tsaga da labule: in rufi ya faɗi, ba ɓangaren da zai tsira. Wata ɗalibar jami'a ta taɓa kawo injinta yana maƙalewa, kundin kammala karatunta na ciki. Na ce wa yaron shagona ya adana kayanta kafin a taɓa komai. Ya kwafe su zuwa D ya ce min an gama. Faifan dama ya gaji, muna cikin sake girka Windows ya mutu, ya tafi da C da D gaba ɗaya. Daga aljihuna na saya mata sabo, amma wane kuɗi ne zai mayar mata da rubutun watanni? Ta tsaya a bakin shago tana cewa "Malam, yanzu ya zan yi?" Ba ni da amsa.

Saboda haka ku daina ce min "ai na ajiye a D". Ka duba tukuna! Danna alamar Windows da maɓallin dama, ka buɗe Gestion des disques. In C da D na kan layi ɗaya ƙarƙashin Disque 0, faifai ɗaya gare ka. Kai kaya D zai rage wa C nauyi, shi ke nan, bai kare maka komai ba. Ko da biyu ne na gaske, ƙurar hunturu, zafin watan Afrilu da yawan ɗauke wuta ba sa tambayar harafi. Abin da ba ka iya rasawa, ka sa shi a kile ko faifan waje, ka cire, ka ajiye nesa da injin. A shagona yanzu ba a taɓa kwamfutar kowa sai na buɗe kwafin da idona a wani injin dabam.

Sauran ƙanana ne. Duk abin da ka jibge a Bureau, wato fuskar allo, a C yake zaune. Abin da ka goge daga C yana nan a Corbeille, wato kwandon shara, har sai ka zubar. Windows.old, dosiyen da ke ɗauke da tsohuwar Windows bayan sabuntawa, kada ka goge shi da hannu, Nettoyage de disque ne aikinsa, in ma ka ƙyale shi Windows kan share shi da kanta bayan kwana 10. Dosiyoyin WinSxS da System32 na Windows ne, ba naka ba ne, komai girmansu. Kada ka mayar da Documents kan faifan waje, harafinsa na iya canzawa daga D zuwa E, Windows ta neme shi ta rasa.

Akwai masu kashe veille prolongée, wato dogon barcin inji, don su kawar da fayil ɗinsa mai suna hiberfil.sys, kuma gaskiya yana cin giga da dama. Ni ba na kashewa a kwamfutar hannu. In wuta ta tafi batiri ya kusa ƙarewa, hiberfil.sys ɗin ne ke riƙe aikin da ke buɗe har a dawo da ita.