Ka taɓa farar riga, fuska ta koma ruwan ɗorawa: kurakuran daidaita launi a hoton RAW

Akwai wani ɗaurin aure da na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na dawo gida da daddare na zuba hotunan a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Ango na sanye da babbar riga ta farar shadda, fari tas, sai na ce ai aiki ya zo da sauƙi. Na ɗauki ɗan bututun nan na White Balance, wato daidaita fari, da ke cikin manhajar, mai kama da na ɗiga maganin ido, na dangwala a ƙirjin rigar. Nan take fuskokin jama'a suka koma ruwan ɗorawa, kamar an shafa wa kowa kurkum. Na sake dangwalawa a hannun riga, haka. Sai da na kusa awa ɗaya ina ja ina saki kafin na gane inda gizo ke saƙa: rigar ba fara ba ce a wurin kyamara. Farin kayanmu yakan sha bula wajen wanki, sabon yadi kuma yakan zo da sinadarin ƙara haske tun daga masaƙa, duka biyun suna karkata shi zuwa shuɗi. Da na ce wa manhajar "wannan ne fari", sai ta zuba rawaya a hoton gaba ɗaya don ta kashe shuɗin.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani wajen masu ɗaukar biki: yarda da duk abin da ido ya kira fari. Bututun ba fari yake nema ba, abin da ba shi da launi yake nema, kuma ruwan toka mai ɗan haske ya fi masa. Wurin da ya ƙone da haske bai da amfani, domin bayanin launi ya riga ya ƙare a can. Lightroom ma yakan ƙi karɓa ya ce ka zaɓi wani wuri. Maganin mai arha ne. Ka sayi katin ruwan toka, ka ba wani ya riƙe kusa da fuskarsa, ka ɗauki hoto ɗaya kafin a fara, ka sake ɗauka duk lokacin da aka canza wuri. Mai hali ya nemi ColorChecker, katin gwajin launi mai gidaje 24. In babu ko ɗaya, daɓen siminti ko kwalta sun fi rigar ango gaskiya, amma ka gwada wuri biyu ko uku kafin ka yarda.

Sai rikicin lambar Kelvin, ma'aunin launin haske, wanda ke juya wa sabon shiga kai. An koya maka cewa ƙwan lantarki mai jan haske yana wajen 2700 zuwa 3200, hasken rana tsaka wajen 5500, inuwa kuma takan kai 7000 ko fiye, wato ƙaramar lamba ja, babbar lamba shuɗi. Amma ka ja sandar Temp, wadda ke sa wannan lambar a Lightroom, zuwa babbar lamba sai hoto ya ƙara rawaya. Ba kuskuren manhaja ba ne. Lambar da kake sawa amsa ce ga tambayar "wane irin haske ne a wurin?" In ka ce 7500, ka shaida mata hasken shuɗi ne, sai ta ƙara ɗumi ta rama. Don haka hoton ɗaki da ya yi ruwan lemo saboda jan ƙwai, ƙasa za ka yi da lambar zuwa wajen 3000. In kuma ka ga sandar tana nuna -100 zuwa +100 maimakon 2000 zuwa 50000, to ba RAW ka buɗe ba, hoto ne da aka riga aka sarrafa irin JPEG, kuma abin da za ka iya gyarawa a nan kaɗan ne kafin launi ya fara tsagewa.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa, su bar sanda ta biyu kamar ado ce. Tint ita ke tsakanin kore da ruwan hoda, kuma a fatarmu ita ce ke yanke hukunci. Dogayen ƙwayayen fulorasan da fitilun LED masu arha suna fitar da wani kore-kore da ido bai cika kamawa ba, amma kyamara ba ta yafe shi. Baƙar fata in kore ya hau ta sai ta yi toka-toka, mutum ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. Mai wankan tarwaɗa kuma ya koma kalar ɗanyen mangwaro. Mai gyara ya ga fuska ba rai, sai ya ƙara Temp, sai abin ya zama rawaya a kan kore, ya fi da muni. Abin da ake so shi ne a tura Tint kaɗan zuwa ruwan hoda, kaɗan fa, maki biyar-biyar, ana duban goshi da kumatu. In ka wuce gona da iri za ka ga leɓe da farin ido sun fara ja.

Wata matsalar kuma ba sandar da za ta warware ta, domin haske biyu ne ko uku a hoto ɗaya. Amarya na zaune kusa da taga, gefen fuskarta ɗaya hasken waje, ɗayan jan ƙwan ɗaki. Ka gyara dama, hagu ta ɓaci. Haka rumfar biki mai jan ko koren tamfol: duk wanda ke ƙarƙashinta ya rinu, na waje kuwa lafiyarsa lau. A nan sai ka zaɓi hasken da ya fi rinjaye a fuska ka daidaita hoton a kansa, sannan ka ɗauki burushi ka shafa ɗayan ɓangaren ka ba shi nasa Temp da Tint. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa na fi son a kashe ƙwan ɗaki tun wajen ɗauka, ko a manna wa filasha ledar nan mai ruwan lemo da ake kira CTO don haskenta ya zo ɗaya da na ƙwan. Fitilun zauren biki masu juyawa shuɗi da shunayya kuwa, kar ka wahalar da kanka. Ka haska fuska da filasha, ka bar bango ya yi abin da ya ga dama.

Akwai kuma hotuna goma a jere, wuri ɗaya, amma kowanne da launinsa. Dalili biyu ne. Ko White Balance na kyamara na kan Auto tana sake lissafi duk lokacin da mai jan gyale ya shigo, wanda maganinsa shi ne ka gyara ɗaya ka yi wa sauran Sync, wato ka kwafa musu gyaran. Ko kuma ƙiftawar wuta ce: lantarkin Najeriya da Nijar yana kan 50 Hz, fulorasan na ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, don haka shata, wato buɗewa da rufewar kyamara, mai saurin 1/500 na daƙiƙa tana kama wani yanki ne kawai na zagayen. Wannan Sync ba ya gyara shi, sai ɗaya bayan ɗaya. Gaba ka sauko 1/100 ko 1/50. Kuma kar ka yi Sync ɗin bikin gaba ɗaya da lamba guda. Na masallaci daban, na tsakar gida daban.

Wani lokacin ma daidaiton farin lafiyarsa ƙalau. Abin da ka gani a bayan kyamara ƙaramin JPEG ne da ta dafa da nata salon, shi kuwa Lightroom yakan buɗe RAW da furofayil ɗinsa, wato nasa salon launi, na Adobe Color. In kana son kamannin da ka gani a wurin, canza furofayil zuwa na rukunin Camera Matching kafin ka taɓa wata sanda. Masu amfani da darktable, wata manhajar gyaran RAW, kuma su lura: tun da aka kawo sashen color calibration a siga ta 3.4, wurare biyu ke iya gyara fari, in ka taɓa duka biyun gyaran ya ninku.

Ka duba allonka ma. Night Light na Windows ko Night Shift na Apple in yana kunne, allon ya yi rawaya, kai kuma za ka yi ta ƙara shuɗi, da safe ka tarar da kowa kamar an fito da shi daga firji. Ido yana sabawa da kowane launi cikin 'yan mintoci, don haka ka tashi ka sha ruwa ka dawo kafin ka yanke hukunci. Wajen fitar da hoto daga manhajar kuma ka zaɓi tsarin launi na sRGB in hoton WhatsApp ko Instagram za shi, in ba haka ba yana iya isa wayar mai shi a koɗe.

Na ƙarshe shi ne wanda ƙwararru ma ke faɗawa: wanke hoto har ya rasa lokacinsa. Hawan sallah da yamma lis, rana ta yi ja, ƙura ta tashi, ka dangwala bututu a farin rawani sai komai ya koma kamar sha biyun rana. Ni a irin wannan nakan nemo lambar da ta kashe launin tukuna, sannan in ƙara mata 500 zuwa 800, har jan yammar ya dawo kan dawakai.