Masu noman naman kaza, don Allah a daina wannan gaggawar

Wallahi na gaji da ganin sabbin shiga suna zuba kuɗi a noman naman kaza, bayan wata ɗaya kuma su zo suna cewa wai iri ne ba kyau. Galibi ba iri ba ne, turara garin katakon da ake shuka shi a ciki ne ba a yi yadda ya kamata ba.

Mutum zai kwaso gari wajen 'yan katako, ya haɗa da dusar shinkafa da 'yar farar ƙasa, ya ɗura a leda ya jera a durom, da ya ga tururi ya fara fita sai ya sauke wai kar itace ya ƙare. Haba malam! Lissafi daga lokacin da tururi ya cika durom yake farawa, ni dai daga nan ba na saukewa sai an yi awa 6. Wannan tsumulmular itacen ta taɓa cinye min jari kaf, ledoji sun fara yin fari alamar iri ya kama, ina murna sai ga koren funfuna ta bakin leda, kafin sati ya zagayo ya bi ɗakin duka, kuɗin iri da leda da wahala duk na kwashe na kai bola. In ka ga koren nan a leda ɗaya, fitar da ita can nesa a ɗaure, kar ka kuskura ka buɗe ta a ɗakin don ƙurarsa iska take bi.

Kar ka zuba iri leda na da zafi, bari ta kwana ta huce, ka goge hannu da sipirit. Garin katakon da aka sa wa maganin gara ko fenti, bar musu kayansu. Ruwa kuma damƙi garin ka matse, ya dunƙule ya ɗiga sau ɗaya ko biyu, in yana tsiyaya ya yi yawa.

Sai hunturun Kaduna. Daga Disamba zuwa Janairu iskar nan busar da ƙananan take yi tun suna tsirowa, shi kuwa danshi yake so kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Wasu sai su toshe ɗakin ruf, toh sai ya fito da dogon wuya da ɗan mitsitsin kai saboda ba iska. Ni buhun algarara nake jiƙawa in rataya a taga, in zuba yashi a ƙasa ina yayyafa masa ruwa safe da yamma.

Kuma ka nemi mai saye tun kafin ka fara cira, mutanenmu da yawa har yanzu kallon laimar kwaɗi suke masa, shi kuma ba firji kwana 2 zuwa 3 ya fara lalacewa. Abin da ya rage ka shanya ya bushe.