Ga masu neman gurbin digirin digirgir a kimiyyar siyasa

'Yan uwa, kada ku dogara da kyakkyawan sakamako kaɗai, kusan duk masu nema suna da shi. Kwamitin tantancewa yana duba ko akwai malami a sashen da bincikenku ya dace da nasa. Ku karanta maƙalunsa biyu ko uku, ku ambace su a takardar bayanin manufa tare da takamaimiyar tambayarku. "Ina sha'awar dimokuraɗiyya" ba ta isa ba. Ku ce, misali, "Me ke sa jam'iyya mai mulki ta amince da shan kaye a zaɓe?"

A Amurka galibi ana rufe karɓar takardu a Disamba, ana kuma neman wasiƙun shaida 3, don haka ku tuntuɓi malamanku tun Satumba. In kun taɓa yin darasin ƙididdiga, ku fito da shi sarai.