Katangar Tsakani: Kurakuran da Maƙwabta Suka Fi Yi Wajen Gyaranta

Duk shekara, da zarar ruwan watan Agusta ya kankama, sai ƙofar masu unguwanni a Kano da Zariya da Katsina ta cika da ƙorafi iri ɗaya: katangar da ta raba gidaje biyu ta zube, kuma kowane maigida yana jiran ɗan'uwansa ya nemo magini. Na gaji da ganin sababbin masu gida suna maimaita abin da na gabansu suka yi, shi ya sa zan faɗi wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Kuskuren farko tun ranar ciniki ake yin sa. Mutum zai duba takardar fili, ya ƙirga ɗakuna, ya leƙa rijiya, amma ba zai tambayi wanda ya gina katangar da ke tsakaninsa da maƙwabci ba. Alhali ba kowace katanga ce ta haɗin gwiwa ba. Sau da yawa wanda ya riga yin gini shi ya tayar da ita a cikin filinsa, na biyu kuma ya zo ya jingina kawai. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce idan aka yi jayayya ana hukunta katanga ga wanda ƙullin gininta ya haɗe da nasa. Saboda haka a duba kusurwa a ga ɗakin wa tubali ko bulon ya sarƙe da shi, a tambayi dattawan layin, sannan a sa amsar a cikin takardar ciniki.

Na biyu shi ne ruwa, kuma shi ne ya taɓa raba ni da kuɗin da har yau nake jin zafinsu. Wani maƙwabcina ya juya indararon ɗakinsa yana zuba a gindin katangarmu ta ƙasa, ya kuma shuka ayaba a jikinta, ana ba ta ruwan wanke-wanke safe da yamma. Daga ɓangarena ina ganin danshi yana hawa, gishiri yana cin gindin har ƙasar tana marmashewa idan aka taɓa. Na yi masa magana a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, in sha Allahu za a duba." Ranar da ta faɗi, cikin gidana ta faɗo, ta danne akurkin kaji da rumfar girki, shi kuwa ya ce ikon Allah ne. Da muka je gaban mai unguwa babu wanda zai shaida cewa an gargaɗe shi, sai aka ce a raba kuɗin biyu don a zauna lafiya.

Jama'a, wannan kunyar da muke yi ba kyautata maƙwabtaka ba ce, sakaci ne. Mutum yana kallon katanga ta yi ciki, ta tsage har yatsa yana shiga, yara suna wasa a ƙarƙashinta, amma ya ce ba ya son a ce ya cika fitina. To, idan ta faɗa wa yaro, wace fitina ce ta fi wannan? Abin da nake yi yanzu shi ne in kira maƙwabcin da mai unguwa su gani da idonsu tun katangar tana tsaye, in ɗauki hoto da waya, a rubuta cewa wanda ruwansa ko saiwar bishiyarsa ko ramin masansa ya jawo ɓarna shi zai biya, idan kuwa tsufa ne kawai a raba daidai. Wasu suna ganin rubutu tsakanin maƙwabta rashin yarda ne. Ni ban damu ba.

Akwai kuma masu saurin gyara su kaɗai, su sayi bulo da siminti, su gama aiki, sannan su aika da lissafi. Wanda ba a shawarta ba yana da hujjar ƙin biya. Mafi muni shi ne a bar magini ya tone tsohon tushe babu maƙwabci a wurin, domin a nan ne iyaka take matsawa, kuma hadisin da ya yi gargaɗi a kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci sananne ne. Kada a taɓa tushen sai an ja igiya an kafa turaku a gaban mutanen biyu.

Sauran ƙanana ne. Yaɓen siminti a kan katangar ƙasa yana ɓamɓarewa ya riƙe ruwa a bayansa, ni dai na fi son yaɓen ƙasa da makuba, wato abin yaɓen da ake yi da ɓawon ɗorawa. Kada a ƙara layin bulo a kan tsohon tushe don neman tsawo. Gyara aikin rani ne, ba na tsakiyar damina ba. Mai son ɗora itacen rumfa a katangar maƙwabci ya nemi izini, domin a mazhabar Malikiyya an so mai katanga ya yarda amma ba a tilasta masa. Ɗan haya kuma kada ya ƙulla wata yarjejeniya da maƙwabci, ya sanar da mai gidan, domin shi ne za a nema idan maganar ta kai gaban alƙali.