"Ka sa masa ido" ba umarni ba ne: kurakuran sababbin nas-nas wajen raba aiki a ɗakin masu taɓin hankali

Duk shekara sai an turo mana sababbin nas-nas da suka gama kwas ɗin jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma duk shekara abu ɗaya nake ta gyarawa har bakina ya gaji. Sunayen magunguna sun haddace, alamomin cututtuka suna kan harshensu. Inda suke tuntuɓe shi ne ranar da aka bar musu ɗaki, aka ce ga ɗalibai, ga mataimaki, ga 'yan uwa masu jinya, a raba aiki.

Rabon kam dole ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga jama'a sama da miliyan 200, shi ya sa a asibitocin ƙwaƙwalwa, daga Barnawa zuwa Kware, daga Dawanau zuwa Maiduguri, nauyin dare da rana a wuyan nas yake. A Amurka, inda nas mai babban digiri a wannan fanni ke duba majinyaci da kansa har ya rubuta magani, ƙa'idar hukumominsu ita ce ana ba wani aiki amma ba a ba shi hukunci. Auna zafin jiki aiki ne. Cewa zafin nan ba komai ba ne, wannan hukunci ne, kuma naka ne. Mu ma nan haka take: Hukumar Nas-nas da Ungozomomi lasisinka ta sani, ba ta san sunan wanda ka aika ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne "ka sa masa ido". An kwantar da mutum mai tsananin damuwa, ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji da rayuwa, sai nas ya waiwaya ya ce wa mataimaki ko ƙanin majinyacin ya sa masa ido, ya koma kan rubutu. Ido na me? Daga ina? In ya shiga bayi fa? In ya ja bargo ya rufe kansa? In lokacin salla ya yi, wa zai tsaya? Kai a zuciyarka kana nufin kada a rabu da shi ko taku ɗaya, shi kuwa abin da ya ji shi ne kada a bari ya fita ƙofa. Ga shi a ɗakunan kwanciya irin namu rataya ce hanyar da aka fi bi, a bayi ko bayan labule, da zani, da tazuge, da wayar caja, kuma mintuna kaɗan sun isa. Lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa yana da haɗari ƙwarai, don kowa ya ɗauka ɗan uwansa na kallo.

Ni abin da nake yi, na kira mutum ɗaya da sunansa, na ce masa: "Malam, wannan bawan Allah naka ne daga yanzu zuwa ƙarfe goma. Ka zauna inda hannunka zai kai gare shi. Ƙofar bayi ba a rufe ta ruf. Ba ka tashi sai ni na zo na tsaya a madadinka." Sannan na sa ya maimaita mini. Wasu abokan aiki suna cewa wannan raini ne ga dattijon da ya girme ni a aikin. Na yarda a ce na cika naci. Kuma wannan gadin ba na ɗora shi kan uwa ko matar majinyaci. Ta kwana uku ba barci, kunya ba za ta bar ta ta bi namiji bayi ba, in ya ce ta je ta sayo masa shayi tashi za ta yi.

Na biyu, a yi allura a juya baya. Mutum ya hargitse, an yi masa allurar haloferidol (maganin taɓin hankali) da dayazifam (mai kwantar da jiki da sa barci), ya yi laƙwas, ɗaki ya yi shiru, kowa ya ce alhamdulillahi. To a nan aikin ya fara. Dayazifam na iya danne numfashi, don haka numfashi da bugun zuciya da awon jini nake so a duba duk minti 15 a sa'ar farko. Ɗalibi zai iya aunawa, amma sai ka gaya masa adadin da in ya gani zai zo da gudu.

A wani asibiti da na yi aiki, ina riƙe da ɗaki, an auna wani saurayi da ke kan haloferidol da daddare, zafinsa ya haura 39. Mataimakin ya rubuta a takarda tsaf, da rubutu mai kyau, bai gaya wa kowa ba, don an ce masa ya auna ya rubuta, shi ke nan. Mahaifiyar ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta ba shi farasitamol daga jakarta. Kafin gari ya waye jikinsa ya sanƙare, gumi na zuba, ba ya gane kowa. Wannan mugun zazzaɓin ne da magungunan taɓin hankali kan tayar, mai narka tsoka har ya taɓa ƙoda, kuma matakin farko shi ne a tsayar da maganin. Ya rayu, bayan doguwar jinya a wani sashen. Ni na amsa takardar tuhuma, ni na tsaya gaban mahaifinsa. Don Allah ƙannena, ku daina aiken mutum awo ba tare da iyaka ba! Ku ce: "In zafi ya kai 38, ko jiki ya yi tauri, ka tashe ni ko ina barci." A ƙasar da kowane zazzaɓi sunansa maleriya, in ba ka faɗa ba babu mai faɗa.

Masu jinya ma a koya musu tun ranar farko. Wuya ya karkace, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago: illar magani ce, kuma tana warwarewa da wuri in an kira nas. In ba ka gaya musu ba, za ka dawo ka tarar ana ruƙiyya, gobe su ce iska ce su sallami kansu.

Sauran a taƙaice. Kada ka zuba ƙwayoyi a kofi ka ba ɗalibi ya raba. Wanda ya zuba shi ke bayarwa, ya tsaya har a haɗiye, ya duba ƙarƙashin harshe. Artane, maganin rage taurin jiki da karkarwa, ƙirga shi nake yi da hannuna, don yana da kasuwa a waje wurin 'yan shaye-shaye. Mai shan litiyam (maganin daidaita hawa da saukar yanayin zuciya), musamman a zafin Maris da Afrilu ko da azumi, a gaya wa mai kula da shi cewa gudawa, amai, karkarwa mai ƙarfi ko tangaɗi ba abin jira ba ne, kuma kada a sayo masa maganin ciwon jiki dikulofinak a kemis. Mai shan kulozafin (wani maganin taɓin hankali) da ya ce maƙogwaro na ciwo ga zazzaɓi, gwajin jini a ranar. Allurar Modecate (maganin taɓin hankali mai daɗewa a jiki) ta farko ba ta koyon hannu ba ce.

Ɗaure majinyaci kuwa ba aikin da ake bar wa masu gadi ba ne. Kai za ka yanke, kai za ka tsaya a wajen kansa, ba a danne mutum rubda ciki, kuma ka rubuta dalili da lokaci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, majinyaci yanzu yana da haƙƙin da zai iya nema.

Akwai kuma mai tsoron aike, komai shi zai yi, har gyaran gado, sai ƙarfe biyu ta yi bai zauna da majinyaci ko ɗaya ba. Da mai jibga wa mataimaki guda komai saboda ba ya musu. Shi wannan mai haƙurin nake fara dubawa in na shigo zagaye, na tambaye shi mutum nawa aka ce nasa ne, na rage masa.