In allon ches ya ƙi fitowa daidai a Lichess, ga inda za ka duba

Masu buga ches a Lichess, wato shafin buga ches a intanet, kafin ka ce shafin ne ya lalace ko ka ɗora wa netwok laifi, duba burauzarka tukuna, don wallahi yawancin matsalar allo daga nan take tasowa.

In ka buɗe ka ga 'ya'yan suna nan amma ka taɓa doki ya ƙi motsi, ko allon ya fito wayam, to duba ko da Opera Mini ka shiga. Tsarinta na rage cin data, wanda suke kira Extreme, sai shafi ya bi ta sabarsu an matse shi kafin ya iso wayarka, shi kuwa allon nan da JavaScript yake aiki, wato yaren kwamfuta da ke sa abubuwan cikin shafi motsi, shi ya sa yake tsayawa cak kamar hoto. Na san data ta yi tsada amma ches ba ya cin wani abin kirki, koma Chrome ko Firefox kawai.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta launi, farare su koma baƙaƙe baƙaƙe su koma farare, mutum ya rasa nasa ana tsakiyar wasa agogo na tafiya. Wannan aikin dak mod ne na dole, wato tsarin da ke tilasta wa shafi ya koma baƙi, ko na burauzar waya ko irin su Dark Reader a kwamfuta. Kashe shi a wannan shafin, ai Lichess na da nasa baƙin bangon, danna sunanka a sama ka shiga Background ka zaɓa.

Allo ya yi girma har ƙasansa ya yanke? A kwamfuta danna Ctrl da 0 zum ya koma 100, in bai isa ba shiga Board a wannan menu ɗin ka rage girman. In ya juye ne danna f. In wurin hira da menu na sama sun ɓace to z ka taɓa, sake danna shi. Wayar da ba ta da ƙarfi kuma in 'ya'yan na jan ƙafa, shiga Preferences sai Display ka mai da animeshon None, lambobin gefe 1 zuwa 8 da haruffa a zuwa h ma a nan ake kunna su.

Sai maganar FEN, wato layin rubutun da ake kwafowa a liƙa don a jera wasa yadda yake, nan mutane suka fi shan wahala musamman in an turo a WhatsApp an kwafi rabi. Layukan allo 8 ne a cikinsa da alamar / a tsakaninsu, kowane layi dole ya cika gida 8, babban harafi na fari ne ƙarami na baƙi, lamba kuma yawan gidajen da ba kowa. Misali 4k3, gida 4 ba kowa, sarkin baƙi, sai gida 3, ka ga 8 ke nan. In wani layi ya ba ka 7 ko 9 allon ba zai karɓa ba. Bayan layukan akwai w (fari) ko b (baƙi) mai nuna wa zai taka, kar ka yanke shi, sannan ka tabbata kowane ɓangare na da sarki ɗaya tak kafin ka tura wa injin ches na shafin ya yi maka nazari.