Yadda za ka tada babur ɗin da ya daɗe a ajiye

'Yan uwa masu komawa Omdurman da Wad Madani a Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, da yawa suna tarar da babur a zaure, ƙura ta binne shi. Don Allah kada ka yi gaggawar buga kik.

1. Zubar da tsohon fetur. Wanda ya shekara a zafin Sudan yakan yi ja, ya yi danƙo, shi ke toshe kafireto. Haska cikin tanki da tocila, in akwai tsatsa ka ɗauraye. Kwance kafireto, wanke ƙananan ramukansa, ka busa har iska ta wuce.
2. Juye baƙin mai, zuba sabo.
3. Cire fulogi, ɗiga ɗan baƙin mai a ramin, taka kik a hankali. In fistin ya cije, kada ka tilasta, kai wa bakanike.
4. Kakkaɓe matatar iska, ƙurar habub, wato guguwar ƙura ta Sudan, ta cika ta.
5. Yi cajin batir. Duba wayoyi, ɓeraye na cin su.
6. Shafa wa sarƙa mai, gwada birki. Tayar da ta tsattsage, canja ta.

Sai ka mayar da kafireto da fulogi, ka zuba sabon fetur, ka ja cok, ka tada, ka bar inji ya ɗumama kafin ka hau titi.